Lokacin da Kwamfuta Ke Cinye Ɗaki Guda

A watan Fabrairun 1946 aka buɗe wa 'yan jarida wani ɗaki a Jami'ar Fensilbaniya da ke birnin Filadelfiya na Amurka, aka nuna musu ENIAC. Na'urar ta bi bango ta zagaye ɗakin. Nauyinta ya kai tan 30, cikinta kuwa akwai kwalaben lantarki kusan 18,000 masu kama da ƙwan fitila, kowace tana huci da zafi. John Mauchly da Presper Eckert ne suka ƙera ta, don ta riƙa lissafa wa sojoji inda harsashin igwa zai faɗa, sai dai kafin a gama ta yaƙin duniya na biyu ya ƙare.

Tana iya tara lambobi sau 5,000 cikin daƙiƙa ɗaya, amma ba ta sabon aiki jidali ne. Mata shida ne suka fara riƙe wannan aikin: a zare waya nan a soka can, a murɗa makunnai ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har kwanaki. Lissafin kansa kuma kafin ka ƙifta ido an gama.

Mauchly da Eckert ne kuma suka ƙera kwamfutar UNIVAC, wadda hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta karɓa a 1951. A daren zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1952, daga ƙuri'un farko kaɗan, ta ce Eisenhower zai yi kaca-kaca da abokin takararsa. Gidan talabijin na CBS ya yi jinkirin faɗa, don bai gaskata ba. Ashe ita ce mai gaskiya.

Ga yadda ake mu'amala da irin waɗannan manyan kwamfutoci. Mai rubuta umarni ba ya ko taɓa na'urar. Zai huhhuda umarninsa a kan katuna, layi ɗaya kati ɗaya, kowane kati gurbi 80, ya ɗaure su ya miƙa ta taga, kamar mai kai niƙa injin unguwa. Sai ya koma ya jira layinsa, awanni ko ma washegari. In waƙafi ɗaya ya ɓata, takarda za ta dawo da saƙon kuskure kawai. Wanda ƙunshin katunansa ya suɓuce ya watse a ƙasa kuwa, sai dai a ce masa sannu.

Daga baya wata 'yar ƙaramar na'ura mai suna tiransista ta zo ta kori kwalabe, zafi da girma suka ragu. Amma a ganina babban sauyin ya zo ne ranar 7 ga Afrilun 1964, da kamfanin IBM ya fito da System/360, bayan ya zuba kusan dala biliyan 5. Kafin nan, galibi wanda ya sayi sabuwar kwamfuta sai ya sake rubuta umarninsa daga tushe. A jerin System/360 kuwa, ƙarama da babba harshe ɗaya suke ji. Jikokin wannan na'ura har yau suna aiki a manyan bankunan duniya, kuma suna iya karanta umarnin da aka rubuta tun zamanin katuna.