Kullen fuskar kwamfuta labule ne, ba ƙofa ba

A watan Janairun 2021 aka ba da labarin wasu yara biyu da suka buɗe kwamfutar babansu mai Linux Mint, alhali ba su san kalmar sirri ba. Ba wata gwaninta suka yi ba. Danne-danne kawai suke ta yi, a madannan hannu da na jikin allo, sai manhajar da ke riƙe da kullen ta mutu, komai ya bayyana. Da aka bincika, harafi ɗaya tak, ē, shi ke kashe ta. Kamfanin Apple ma ya sha kunya a Nuwamban 2017: a macOS High Sierra, mutum ya rubuta root, ya bar gurbin kalmar sirri wayam, sai ya shige. An gyara duka biyun, amma gyaran bai isa ga wanda ke ƙin sabunta na'urarsa don tsoron cinye data ba. Mu ’yan kasuwa mun fi kowa wannan rowar.

Abin da ya fi damuna shi ne, ɓarawo ba ya ma buƙatar irin wannan kuskure. Kullen yana rufe allo ne kawai, bai taɓa abin da ke ajiye a ciki ba. Wanda ya ɗauke jakarka a tashar mota tsakanin Kwatano da Lome zai iya tayar da ita da filas, ko ya ciro ma'ajiyar bayanan ya jona a wata kwamfutar. Lissafin bashi, lambobin abokan ciniki, hoton fasfo, hotunan iyali, duk zai karanta kamar jarida.

Ban ce a daina kullewa ba. In za ka tashi salla, danna maɓallin Windows tare da L, ya isa ya tsare idon yaron shago da mai leƙe. Amma maganin sata shi ne a rikita bayanan yadda ba sa karantuwa sai da mabuɗi: BitLocker a Windows, FileVault a Mac. In tafiya ta kama, kashe kwamfutar gaba ɗaya, kada ka rufe murfi kawai, domin mai barci mabuɗinta na nan a cikinta.

BitLocker zai ba ka lambar ceto mai alƙaluma 48. Rubuta ta a takarda ka ba uwargida ta adana, ban da cikin jakar kwamfutar. In lambar ta ɓata ranar da na'ura ta nema, kai ma mai ita a waje za ka tsaya.