Allurar da ta tayar da majinyaciya daga gado a 1948

A watan Afrilun 1929 wani dattijon likita mai fama da amosanin gaɓɓai ya zo asibitin Mayo da ke garin Rochester a jihar Minnesota ta Amurka, ya ba Dakta Philip Hench wani labari mai wuyar gaskatawa. Ciwon shawara ya kama shi, idanu suka yi rawaya, kuma tun daga nan kumburin da ya daɗe yana cin gaɓɓansa ya lafa. Da shawarar ta warke, bayan 'yan watanni, amosanin ya dawo yadda yake.

Da wani likitan ne, da ya saurara ya wuce. Hench kuwa ya riƙe maganar kusan shekara ashirin. Ya shiga tattara irin waɗannan majinyata, sai ya ga mata masu wannan ciwo su ma sukan samu sauƙi idan suna da juna biyu, ciwon ya dawo bayan sun sauka. A wancan zamani yawancin likitoci sun ɗauka wata ƙwayar cuta ce ke jawo amosanin gaɓɓai. Yau an san garkuwar jiki ce da kanta take juyowa kan fatar da ta lulluɓe cikin gaɓa, ta kumbura ta, har ta cinye guringuntsi da ƙashi. Hench bai san wannan ba tukuna, amma ya tabbata jiki yana da wani sinadari nasa mai kwantar da kumburi, wanda shawara da ciki suke ƙara yawansa. Ba irin gwajin da bai yi ba: ya ba majinyata ruwan madaciya, ya ƙara musu jinin masu shawara, har ya ba wasu maganin da zai jawo musu shawarar da gangan.

A asibitin nan dai akwai masanin sinadarai Edward Kendall, wanda ya duƙufa kan wata 'yar tsoka da ke zaune a kan kowace ƙoda, wadda likitoci ke kira adirinal. Daga mayanka ake kawo masa na shanu jibgi-jibgi, yana tace su yana samun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sinadaran da ya ware ya sa musu haruffa, A, B, har zuwa F. A 1941 shi da Hench suka yi shawarar gwada mai harafin E a kan amosani, amma babu isasshen da za a yi wa ko mutum guda allura.

Jita-jita ce ta kawo kuɗin aikin. Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu labari ya bazu cewa Jamusawa suna sayen wannan tsoka daga mayankan Ajantina suna yi wa matuƙa jiragensu allura don su jure tashi can ƙololuwa. Ƙarya ce, amma ta sa gwamnatin Amurka ta ɗora binciken a sahun gaba. A kamfanin Merck wani matashi, Lewis Sarett, ya gano yadda za a haɗa sinadarin daga madaciyar shanu, ta matakai sama da talatin. Zuwa 1948 abin da ke hannun kamfanin bai wuce 'yan giram ba, kuma ba wanda ya san amfaninsa.

A shekarar nan akwai wata mata a asibitin, ba ta kai talatin ba, ciwon ya kwantar da ita har juyawa a gado yana gagararta. An gwada mata maganin jawo shawara bai yi aiki ba, ita kuma ta ƙi tafiya gida. Ranar 21 ga Satumba, 1948, Dakta Charles Slocumb ya fara yi mata allurar E, miligiram 100 a rana. Kwana uku ta miƙe tana takawa. Cikin mako guda ta fita cikin gari ta yi awa uku tana sayayya a kantuna. A Afrilun 1949 Hench ya nuna wa likitoci majigin majinyata 14 kafin allura da bayanta, waɗanda ake turawa a keke suna hawa matakala da ƙafarsu. Aka raɗa wa maganin suna kotizon, kuma a 1950 Hench da Kendall da Tadeus Reichstein na Suwizalan suka karɓi lambar yabo ta Nobel.

Duniya ta rikice da neman maganin, giram ɗaya dala 200. Nan ne labarin ya ratso ta yankinmu: an ji cewa 'ya'yan kwankwani, tsiron da maharba suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da shi, suna ɗauke da sinadarin da zai gajarta aikin, sai Amurkawa da Turawa suka turo masana tsirrai Afirka ta Yamma suna bin daji. Ba a samu yadda aka so ba. A ƙarshe wata doyar daji ta ƙasar Meziko da wata funfuna da kamfanin Upjohn ya yi amfani da ita a 1952 su suka karya farashin.

Ita matar fa? Jaridu sun fi son labarin sayayyarta, ba su cika bin abin da ya biyo baya ba. Fuskarta ta kumbura ta yi zagaye, hankalinta ya riƙa juyawa tsakanin murna marar dalili da baƙin ciki, har aka mayar da ita sashen masu taɓin hankali. Daga baya ta ƙi yarda a sake ba ta maganin. Wasu majinyatan suka samu hawan jini, ciwon suga, gyambon ciki, ƙashi ya yi laushi yana karyewa, ga cututtuka suna shiga saboda an danne garkuwar jiki. Da an tsayar da allura kuma sai ciwon ya taso. A yaba wa Hench a nan, domin tun farko ya nace cewa wannan ba waraka ba ce. A 1954 wani gwaji a Birtaniya ya kwatanta kotizon da asfirin a masu sabon kamu, bambancin bai taka wani abin kirki ba, likitocin amosani da dama suka juya masa baya.

Abin da ya ɗauki lokaci shi ne gano awo. Jikin mutum kullum yana fitar da ɗan kaɗan na irin wannan sinadari, kuma ɓarnar tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka zarce wancan ma'auni da kuma tsawon lokacin shan. Sai a 1995 John Kirwan da abokan aikinsa a Birtaniya suka bayyana sakamakon gwaji a kan mutum 128: miligiram 7.5 kacal na firedinisolon, ƙanen kotizon da ya fito a 1955, a kowace rana tsawon shekara biyu, tare da sauran magungunan amosani. Hoton ƙashi ya nuna cinyewar gaɓɓan hannu ta ragu ƙwarai. Ko wannan ɗan awon ba a sake masa ido ba. Likita yakan duba suga da hawan jini da ƙarfin ƙashi, ya kuma nemi janye shi da zarar sauran magungunan sun kama aiki.

A kasuwanninmu kuwa ana sayar da wani ɗan gidan nan, dekzametazon, wanda ya ninka firedinisolon ƙarfi kusan sau bakwai, cikin magungunan da ake kira sha ka fashe. Cikar kumatun da 'yan mata ke saye da kuɗinsu ita ce illar da ta fara bayyana a fuskar waccan mata. Wadda ta yi makonni tana sha, tsokar kan ƙodarta takan daina aiki, kuma idan ta tsayar lokaci guda jininta na iya faɗuwa har ta kai ga rasa rai. Saukowa daga kansa sai a hankali, ƙarƙashin kulawar likita.