Rigar Kariya Sai Ta Dace da Jiki

Rigar kariya da ake sawa a matatar mai ko masana'antar sinadarai ba ta da amfani sai ta dace da jikin mai ita. Da tsayin mutum da faɗin ƙirjinsa ake zaɓenta, kuma a auna shi sanye da kayan da zai sa a ciki. Idan ta matse, ɗinkin hammata da na tsakanin cinyoyi ke fara yagewa, guba kuwa ƙaramar kafa ta ishe ta. Wadda ta yi yawa, inji kan fizge ta. Rigar matakin A, mafi tsauri a tsarin Amurka, ana bar mata sarari a baya saboda tukunyar iskar numfashi. Kafin shiga aiki, ma'aikaci kan tsuguna, ya ɗaga hannuwa, ya ji ko ta ɗame shi.