Sa Sabuwar Lasifika A Ƙofar Tsohuwar Mota

Tun da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a shekara ta 1975, irin su 504 suka bazu ƙauyuka, har wa yau akwai waɗanda ke kai manoma da amfanin gona kasuwa. Jikinsu da ƙarfi, amma lasifikarsu takan riga su mutuwa, gama takardar da a ke yin bakinta da ita ba ta jure zafi da laima. Mai mota kuwa yana bukatar rediyo domin labarin damina da farashin hatsi. Canja lasifika aiki ne na yini ɗaya, amma wanda ya yi shi da garaje zai iya ƙona rediyo ko ya fasa gilashi.

Kafin a saya, sai a auna. Lasifikar ƙofa yawanci faɗinta santimita 10 ne, ko 13, ko 16 da rabi. Zurfinta ma abin lura ne. A cire marfin ƙofa a hankali, a sauke gilashi har ƙasa, sa'an nan a auna tazarar da ta rage. In mayen ƙarfen da ke bayan lasifika ya taɓa gilashi, wata rana a hanya mai gargada zai tsaga shi. In wurin ya yi kaɗan, a yanka zobe na fallen katako a ɗora lasifikar a kai. A duba rubutun bayanta kuma. Ta mota om 4 ce, ta ɗaki kuwa yawanci om 8, saboda haka muryar ta ɗaki ba za ta fito sosai a mota ba.

Ranar aiki a fara cire wayar batir ta gefen alamar ragewa (–). Batir volt 12 ne kaɗai, amma in waya ta haɗu da ƙarfe tana iya kama wuta. In ya zama dole a yanka ƙarfen ƙofa, a shafa fenti a bakin yankan domin tsatsa.

Kowace lasifika a ja mata wayoyi biyu nata tun daga rediyo. Dā akan ɗaura waya ɗaya a jikin mota, amma rediyon zamani ba ya yarda da haka, ƙonewa zai yi. Inda waya za ta ratsa daga mota zuwa ƙofa, a zura ta cikin bututun roba, a bar mata sarari, domin ƙofa tana buɗewa sau da yawa a yini.

Kada a juya wayoyin. In ta dama da ta hagu ba su tafiya tare, sai su riƙa kashe wa juna kauri, murya ta zama siririya. Ga dabara: a taɓa wayoyin lasifika da batirin tocila na volt 1.5. In bakinta ya turo waje, wayar da ke kan batirin ita ce ta alamar ƙari (+). A yi wa duka biyu haka.

Saura maganar ruwa. Da damina ruwa yana bin gilashi ya sauka cikin ƙofa, ya fita ta ƙananan huda na ƙasa. A share waɗannan huda, a mai da ledar da ke bayan marfin ƙofa, a yi wa lasifika 'yar rumfa ta leda daga sama.

Kafin a rufe, a mai da batir, a kunna rediyo, a ɗaga gilashi a sauke. In komai lafiya, sai a ɗaure. Direba kuma ya rage murya a hanya, domin ya ji ƙahon wata mota, da garken shanu, da yaran da ke tsallakawa.