Abin da Ya Kamata a Yi Idan Kwamfuta Ta Kasa Gane Modem Mai Amfani da Layin Tarho

Muna gabatar da wannan bayani ne domin amfanin ma'aikatan ƙananan hukumomi da sauran jama'ar karkara waɗanda ke riƙe da tsofaffin kwamfutoci. Kafin zuwan wayar salula ta GSM Nijeriya a 2001, da kuma wasu shekaru bayan haka, ofisoshi da dama suna shiga intanet ne ta layin tarho na NITEL, da taimakon wata na'ura da ake kira modem. Aikinta shi ne mayar da bayanan kwamfuta su zama sauti domin su bi waya, kuma gudunta ba ya wuce kilobit 56 a daƙiƙa guda. Wannan hanya ta ja baya ƙwarai, har kamfanin AOL na Amurka ma ya daina ba da ita a watan Satumba na 2025. Duk da haka matakan gano matsalarta suna da amfani har yanzu, domin ƙaramin modem mai ɗaukar katin sim da ake soka wa kwamfuta ya gaji yawancin ɗabi'unta. Za mu yi misali da Windows XP, wadda ta fito a 2001, tun da ita ce ta fi yawa a irin waɗannan kwamfutoci.

Da farko sai a tantance ko kwamfutar ce ba ta ga modem ba, ko kuwa ta gan shi amma layi ne ba shi da rai. Lambar da ke fitowa a allo lokacin da kira ya ƙi shiga ita ke raba gardama. Lamba 680 na nufin modem yana nan, amma bai ji ƙarar layi ba. Lamba 691 matsalar suna ce ko kalmar sirri. Lamba 633 na nuna wata manhaja ta riƙe modem ɗin ko ba a saita shi daidai ba, 797 kuwa ita ce ke cewa ba a same shi ba sam. A ganinmu, ɓarnar dukiyar jama'a ce a rubuta takardar sayen sabon modem saboda 680 alhali ba a jona tarho a layin an saurara ba.

Idan modem ɗin na waje ne, wato mai akwatinsa da wutarsa daban, a kunna shi kafin a kunna kwamfuta, domin a lokacin tashi ne Windows ke nemansa. A duba wayar da ta haɗa su ta kafa mai haƙora 9. Akwai wata waya mai kama da ita sak wadda aka yi domin haɗa kwamfuta da kwamfuta, kuma ba za ta yi aiki a nan ba. Wani lokaci kuma kafar ce aka rufe a cikin saitin BIOS.

Modem na ciki ya fi ba da wahala, kuma akwai dalili. Yawancin masu araha ba cikakkun na'urori ba ne: masu ƙera su sun rage kayan ciki, suka bar wa ƙwaƙwalwar kwamfuta aikin ta hanyar wata manhaja da ake kira direba. Idan babu direban, katin ba shi da maraba da kurman ƙarfe. Saboda haka sai a buɗe sashen da aka rubuta wa Device Manager, inda Windows ke jera dukan kayan da ta gani. Idan aka tarar da alamar tambaya mai launin rawaya tare da rubutun PCI Simple Communications Controller, to kada a damu, an ga katin, direba kawai ya rage. A nan ne mutane da yawa ke ɓata, domin suna neman direba da sunan da ke jikin kwali, alhali sunan ƙaramin guntun lantarkin da ke manne a katin shi ne abin dubawa. Wanda bai iya buɗe kwamfuta ba yana iya karanta lambar maƙerin a shafin Details, bayan haruffan VEN: 14F1 na Conexant ne, 11C1 na Lucent ko Agere, 134D na PCTel, 1057 kuma na Motorola. A kuma lura cewa direban Windows 98 ba lallai ne ya yi aiki a XP ba, ko da faifan da ya zo da katin ne.

In kuwa babu ko alamar katin a jerin, sai a kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu, sannan a ciro katin. Ƙurar hunturu kan shiga tsakanin haƙoransa da gurbinsa. A share ta da busasshen buroshi, a mayar da shi ya zauna daram, in ya ƙi a gwada wani gurbin. Wannan aiki a bar wa wanda ya saba.

Bayan an sa direba, ana tabbatar da lafiyar modem ba tare da layi ba. A buɗe bayanansa, a shiga Diagnostics, a danna Query Modem. Ko kuma a buɗe HyperTerminal, a zaɓi kafar da yake kai, misali COM3, a rubuta AT. Idan ya amsa da OK, to shi da kwamfuta suna jin juna. Wannan yare na AT kamfanin Hayes ne ya fito da shi a 1981, kuma modem mai katin sim ma yana jin sa. Daga nan sai a tabbata wayar bango tana cikin ramin da aka rubuta wa Line, ba na Phone ba.

Akwai kuma modem da zai amsa OK amma ya ci gaba da ba da 680 a layin da tarho ke aiki lafiya. Sau da yawa wannan aikin tsawa ne, wadda ke bin wayar tarho da damina ta ƙona ɓangaren da ke karɓar layi. Irin wannan sai dai a sauya shi, kuma a riƙa zare wayar da zarar hadari ya haɗu.

Game da modem mai katin sim, da yawansu sukan fara bayyana kamar faifan sidi mai ɗauke da direbansu, sai an girka shi sannan su koma modem. Muna kuma tunatar da shugabannin sassa cewa Microsoft ya daina kula da tsaron Windows XP tun watan Afrilu na 2014, don haka kada a haɗa kwamfuta mai ɗauke da takardun albashi ko bayanan ma'aikata da intanet matuƙar tana kan wannan manhaja.