Kan jirgin dijital zai yi tafiya a kan tsohon layin analog?

Yau na ɗauko batun ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki, waɗanda ake shimfiɗa wa layin dogo a ɗaki a Jamus, Ingila da Amurka. Kar ku ce wasan yara ne. Kan jirgi ɗaya mai sauti kan ci ɗaruruwan daloli, kuma kuskure ɗaya na iya ƙona shi.

Tsari biyu ne. Na farko shi ne analog, ana ce masa DC. Ana sakar wa layin wuta daga sifili zuwa kusan volt 12. Ka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, ka juya fozitif da negatif ya koma baya. Matsalarsa ita ce duk jirgin da ke kan layi ɗaya umarni ɗaya yake bi.

Na biyu shi ne dijital, wato DCC. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya ƙirƙiro tushensa, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi ƙa'ida a shekarun 1990. A nan wuta tana kan layi kullum, saƙonni suna tafiya a cikinta. Kowane kan jirgi yana da 'yar na'ura mai suna dikoda, da lambarsa, kamar lambar waya. Wanda aka kira shi kaɗai ke amsawa.

To, idan ka ɗora mai dikoda a kan layin analog fa? Yawancin dikododin zamani suna gane wutar DC su bi ta, amma sai an bar musu wannan damar a buɗe. Tana cikin wani saiti da ake kira CV29. Idan an kashe ta, ko ka murɗa wuta har ƙarshe jirgin ba zai motsa ba. Ba lalacewa ya yi ba, saitin ne.

Ko ya tashi ma, kar ka yi tsammanin irin tafiyar da ka saba. Dikoda tana buƙatar wajen volt 5 zuwa 7 kafin ta farka, don haka sai ka murɗa kusan rabi kafin ya motsa. Shi ya sa ba a haɗa shi da kan jirgin analog su ja tarago tare: ɗaya ya fara ja, ɗaya yana tsaye. Yawancin sautuka da fitilun da ake kunnawa da maɓalli ma ba za ka samu ba.

Ga inda asara take. Wasu tsofaffin na'urorin sarrafa gudu suna aika wuta a gutsure, wannan na rikita dikoda. Na'urar tsabtace layi mai sakin wuta mai ƙarfi kuwa tana iya kashe ta gaba ɗaya, a cire ta tukuna. Kuma kar a taɓa haɗa wutar DC da ta DCC a layi ɗaya a lokaci guda.

Shawarata, duba takardar da ta zo da jirgin, ka fara gwaji da wuta kaɗan. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, sai mun haɗu a shiri na gaba.