Shin Da Gaske Gani Ya Kori Ji?

Duk sa'ad da na ga ɗalibaina sun gaskata kowane bidiyo da ya faɗo cikin wayoyinsu, sai malaman addinin Kirista na Turai a ƙarnonin tsakiya su faɗo mini a rai. Mu dai mun ce gani ya kori ji. Su kuwa, a sha'anin imani, da yawansu kunne suka fifita.

Bernard na Clairvaux, wanda ya rasu a 1153, ya koyar da cewa a duniya da ji ake kusantar Ubangiji, gani kuwa lada ne da aka tanada sai lahira. Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya tafi a kan cewa ido da harshe da hannu ba sa riskar abin da mabiya suka yi imani yana cikin gurasa da ruwan inabin ibadarsu; maganar da kunne ya ji ce madogara.

Duk da haka ba su sakankance da kunnen ba. Tun gabaninsu Augustine ya yi iƙirarin cewa idan zaƙin murya ya fi ma'anar kalmomi motsa shi, to ya yi zunubi. Wajen 1324 Fafaroma John na 22 ya hana salon waƙar coci mai nutsar da kalmomi cikin adon sauti.

Ashe ba kunne kawai suka amince wa ba, mai maganar suka fara tantancewa. Shi ya sa yanzu, kafin ɗalibi ya nuna mini bidiyo a matsayin hujja, nakan tambaye shi: wa ya ɗauka, kuma me ya sa ka yarda da shi?